Ƙaramar da Evelio Ya Zaɓa

Ranar da Maigualida ta bugo waya ta ce lallai iyayenta su tattara su dawo wajenta a Puerto La Cruz, Evelio bai yi musu ba. Da wane bakin zai yi? A cikin makon nan kaɗai matarsa Zoraida ta ɗora tukunya ba ruwa har gindinta ya ɓule, ta jera takalmansa a firji, sannan ta tare shi a ƙofar ɗaki ta tambaye shi cikin ladabi ko ya ga wucewar mijinta. Fiye da shekara arba'in suna kwana ɗaki ɗaya. Ciwon mantuwar ya fara da sunayen maƙwabta, ya cinye na dangi, yanzu ga shi ya iso kansa. Abu guda ya roƙi 'yarsa, a bar su su tafi da kunkuru.

"Baba, bene ne fa, hawa na biyar. A kaina za ka ajiye su?"

"Ko biyu ne, 'yata."

Maigualida ta fara lissafi. Tun safe har yamma tana tsaye a kantin magani, mijinta ya tafi Chile neman abinci, ga tsofaffi biyu za ta ɗauka, ɗaya ba ta san ranar mako ba. Daga ƙarshe ta ce to, biyu, amma ƙanana, waɗanda za su shiga baho ɗaya. In ya kuskura ya ɗauko mata ƙattin nan masu girman turmi, a bakin hanya za ta sauke su.

A wajenmu a Zaraza kunkuru ba abin kallo ba ne, kayan gida ne kamar kaji. Morrocoy muke ce masa, na tudu, mai ɗigon ja a ƙafafu. Kusan kowace tsohuwa tana da nata shingen a bayan gida, in kuma kana neman faɗa, ce mata na wance sun fi nata ƙiba. Na Zoraida sun samo asali daga biyun da uwarta ta ba ta ranar aure, suka yi ta hayayyafa a gindin mangwaro har sai da aka faɗaɗa shingen. Kowace safiya, da zarar ta ɗauki ƙwaryar ɓawon gwanda ta tsallaka ciki, sai matar ta dawo cikin jikinta. Ta yi musu magana, ta ture mai zari da ƙafa, ta waiwayo ta ga Evelio tsaye da kofinsa ta ce, "Tsoho, ka taka min fure." Tsoho take kiransa tun gashinsa yana baƙi. Kafin rana ta yi zafi ta sake ɓacewa, amma wannan ɗan lokacin na safe shi ne abin da ya rage masa na matarsa, kuma bai shirya barinsa a Zaraza ba.

Sai dai a faɗi gaskiya, Evelio bai san kunkuru ba. A bayan sitiyarin motar shanu ya yi rayuwarsa, ka nuna masa saniya daga nesa ya gaya maka shekarunta da halin mai ita. Shingen bayan gida kuwa harkar mata ce. Sau ɗaya a shekara yake da aiki a can, a Mako Mai Tsarki, lokacin da coci ta hana cin nama, mu kuma tun kaka da kakanni muka yanke wa kanmu hukunci cewa kunkuru ba nama ba ne. Zoraida za ta shafa cikin kowane ta zaɓo namiji, don ba ta taɓa yarda a taɓa mace ba, ta miƙa masa, ta tafi maƙwabta don kada ta ji ƙarar adda. Sai ta dawo ta haɗa naman da ƙwai da agade ta gasa, tana kuka tana ɗanɗana gishiri, in an zauna kuma ta ci faranti biyu. Iyakar ilminsa ke nan. Ya san inda ake sa adda, ya san yadda cikin yake, amma bai taɓa tsayawa ya kalli mai rai ba.

Ranar tafiya ya kira Nicomedes, wanda ya riƙe Maigualida a coci ranar baftismarta, shi ya sa tun daga lokacin ba sa kiran juna da suna sai compadre. Shi da matarsa Teodosia za a bar wa sauran garken. Teodosia ba ta zo ba, ƙafa ta kwantar da ita. Nicomedes ya shigo da hular kabarsa da tumbinsa, yana lasar baki tun daga ƙofa don ya tsokani Zoraida kamar yadda ya saba. Ita kuwa ba ta gane shi ba, ta jawo masa kujera kamar baƙo, sai dariyar ta maƙale masa.

Aka ce Zoraida ta zaɓa. Ta nufi mafi girma kai tsaye, wata tsohuwar mace da ta sa wa suna Doña Eufemia, sunan marigayiya uwar Evelio, wai don ba ta sauri kuma ba ta yafiya. Ta durƙusa ta rungume ta. Maigualida, da ta zo da motar haya tun da sassafe, ta kalli ubanta ta girgiza kai. Evelio ya shiga shingen yana duba ƙanana, yana ɗaga wannan yana ajiye wancan, duk iri ɗaya suke a idonsa. Can a lungu ya ga wata da ba ta wuce faɗin faranti ba, ƙoƙon bayanta sumul, ya ɗauko ta.

"Chucha," in ji Zoraida daga inda take durƙushe. "Sauke ta, tsoho, ba ta son a ɗaga ta."

Murna ta kama Evelio. An daɗe rabon da ta kama sunan wani abu daidai da rana tsaka haka. Bai ƙara duba wata ba, ya rungume Chucha a ƙirji kamar za a ƙwace. Nicomedes ya karɓa ya kifa ta ya shafa cikin, ya ce shafaffe ne, mace ce, kuma da ganin girmanta yarinya ce shakaf, sai ta yi shekaru kafin ta san namiji. Evelio ya gyaɗa kai irin na masana. Tsofaffi biyu ke nan da ba su san komai game da kunkuru ba in ban da ɗanɗanonsa. Suka ɗauko wani ɗan mitsitsi kamar tafin hannu don ya zama miji nan gaba.

"Compadre, wannan fa ba a gane namiji ne ko mace sai ya girma."

"In ya zama mace fa?"

"Sai ka kai su gidan sistoci su yi ta addu'a. Ni dai bar min Doña Eufemia, zan kula da ita har Ista."

"Ka taɓa ta, ni zan yi maka adda."

Lissafin Evelio mai sauƙi ne. Kafin yaran su isa aure, Allah ya sa an sami gida mai fili, su yi ƙwai, su ƙyanƙyashe, Zoraida ta sake riƙe ɗan kunkuru mai taushin baya a tafin hannunta, abin da ta fi so a duniya. Da wannan tunanin ya kulle gidansa, ya sa bahon a kan cinyarsa, bai waiwaya ba har suka fita gari.

Gidan Maigualida tsaf yake, ko'ina tayil, har barandar. Lif ɗin benen ya mutu tun bara, don haka wanda ya hau ba ya son sauka. A barandar akwai tukwanen fure da mijinta ya shuka kafin ya tafi, tana ba su ruwa kafin ta sha nata. Nan aka yi wa kunkurun wuri da kwali da kwanon ruwa. Abin mamaki, dabarar ta ci. Gari na wayewa Zoraida za ta nemi wuƙa da gwanda, ta fita barandar ta zauna a ƙasa, ta tsinke jan furen Maigualida ta miƙa wa Chucha, ta ce wa Evelio ya matsa, yana tare musu rana. Maigualida za ta leƙo da jakarta a kafaɗa ta ce, "Mama, sa min albarka," ita kuma ta ɗago ta ce, "Allah ya yi miki albarka, Maigua, ki ɗaure gashin nan." Rannan Maigualida sai da ta tsaya a matakala ta share hawaye kafin ta sauka. Evelio har ƙiba ya yi a makonnin nan, yana cin arepa, wato wainar masara, guda biyu da cuku, yana ganin ya yi wa ciwon wayo.

Sai Chucha ta daina cin abinci. A sa mata gwanda ta taka ta wuce. Wuni take zagaye barandar, ta bi bango ta dawo, ta sa hanci a tayil tana shinshina, ta je lungu ta juya baya ta kama kartar daɓen da ƙafafun baya, ɗaya bayan ɗaya. Ƙarar faratanta a kan tayil har cikin falo ake ji. Evelio ya ce kewar gida ce, shi ma yana ji, za ta saba. Ya sayo mata mangwaro mai tsada, ba ta kalla ba.

Wata safiya Zoraida ta daɗe tana kallonta, ta sa yatsa a gefen ƙafar bayan ta danna, sannan ta ɗago ta dubi mijinta ido cikin ido, da irin kallonta na da.

"Ƙwai za ta saka. Nemo mata ƙasa."

Evelio ya yi dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, irin wadda ake yi wa yaro ce in ya faɗi abin ban sha'awa.

"Haba tsohuwa, wannan 'yar ficiciyar? Bari ta yaye tukuna."

"Ƙwai za ta saka."

"To, na ji. Zo ki sha kofinki kafin ya huce."

Kada a yi saurin zaginsa. Jiya-jiya matar nan ta gaya masa, da irin wannan tabbacin, cewa uwarta da ta mutu tun kafin a haifi Maigualida ta zo ta yi guga ta tafi. Shekaranjiya ta ce akwai saniya a banɗaki. Ya koyi yadda ake cewa to a wuce, har ya ƙware, kuma ƙwarewar ce ta cuce shi.

Washegari aka tarar Zoraida ta kifar da tukunyar fure ɗaya a barandar, tana tara ƙasar da hannu. Ƙasar ba ta da yawa, ko rufe tayil ɗin ba ta yi ba. Maigualida ta haɗiye ɓacin ranta ta share, ta mayar da furen. Kwana kaɗan sai ga tukwane uku a kife, saiwoyi a waje, ƙasa har kan kujerun falo, Zoraida tana jan Chucha zuwa kan tulin. Wannan karon Maigualida ta yi kuka, don furen ne kaɗai abin da mijinta ya bari mai rai a gidan. Evelio ya ji kunya ta kama shi har wuya. Mutumin da ya yi shekaru yana ciyar da gidansa, yau ga shi a gidan 'yarsa yana cin abincinta, matarsa kuma tana ɓata mata kaya. Ya ɗauki tsintsiya ya share da kansa, yana ba da haƙuri kamar ɗan haya.

Sai ranar da Zoraida ta ɓace. Ya shiga wanka bayan azahar, ya fito ya ga ƙofa a buɗe, ba Zoraida, ba babbar tukunyar miya. Ya sauka benen da silifa ɗaya, ya zagaye unguwa yana tambayar masu shago, ya kira Maigualida ta baro aiki da rigar kantin a jikinta. Sai wajen la'asar suka same ta a tsakiyar babban titi, a kan ɗan tsibirin da ya raba hanya biyu, motoci suna wucewa ta gaba da ta baya. Tana durƙushe tana haƙa da cokalin miya. Ƙasar wurin ta bushe ta yi tauri, cokalin ya lanƙwashe, ta koma yi da yatsu har farce ɗaya ya fashe yana jini. Ta kusa cika rabin tukunyar. Yadda ta tsallaka titin nan da rai, Allah ne kaɗai ya sani.

Tsoro ne ya yi magana da bakin Evelio. Ya fizge tukunyar ya juye ƙasar a wurin, ya daka mata tsawa a gaban mutane, abin da bai taɓa yi ba tun ranar aurensu. Ya ce so take ta kashe shi? So take ta kashe Maigualida? Ya ce daga yau in ya ƙara ganin hannunta a ƙasa za ta gamu da shi. Zoraida ta kalli ƙasar da aka zubar, ta kalle shi. Maigualida ta kama ta suka tsallaka.

Daga nan aka ɗauki mataki, kuma duk matakan masu hankali ne. Aka sa kwaɗo a ƙofa. Aka kai tukwanen fure gidan maƙwabciya, aka bar ɗaya kaɗai a saman kabad. Likita ya ƙara mata wata ƙwaya don ta sami natsuwa. In ta tsaya ƙarƙashin kabad ɗin tana miƙa hannu, Evelio ya ɗan buge bayan hannun ya ce, "A'a." Ba da ƙarfi ba, kamar dai yadda ake hana yaro taɓa wuta. Kowane bugu sai ya ji shi a ransa, amma ya gaya wa kansa gara wannan da mota. Da farko takan yi gunaguni ta sake gwadawa. Daga baya ta daina. Ta koma zama a kujerar falo hannuwa a cinya, tana kallon talabijin ko a kashe yake. Ta daina neman wuƙa da gwanda da safe, ta daina fita barandar. Maƙwabciya ta shigo ta ce kai, Mama ta sami sauƙi, Maigualida ta ce wallahi kuwa. Evelio kuwa, rabon da a kira shi tsoho har ya fara manta yadda muryar take.

Chucha kuma ta daina zagaye. Ta koma jan ƙafafun baya, idanunta suka faɗa, ta shige ƙarƙashin kwali ta daina fitowa. Evelio yana tsoma ta a ruwan ɗumi, yana buɗe mata baki yana ɗiga ruwan gwanda, yana lallashinta kamar mutum. Ba don ita yake yi ba. Yana ganin in ta tashi ta ci, ƙila Zoraida ma ta tashi. Wata safiya, bayan Maigualida ta fita aiki, ya ɗaga kwalin ya tarar wuyanta ya saki, tururuwa sun fara hawa.

Ya naɗe ta a tsohuwar riga ya ɓoye a bayan injin wanki. Dabarar da ta zo masa ita ce ya sa a aiko masa da wata mai irin girmanta a motar haya, ya ajiye a wurin, tunda Zoraida ba lallai ta gane ba. Ya kira Nicomedes. Compadre yana cikin nishaɗi, ya ce ai shingen ya zama gidan haihuwa, tun da ruwan sama ya fara ja da baya matan suke ta haƙa, Doña Eufemia da kanta ta zuba nata a gindin gwaiba, shi dai yana kallo yana haɗiyar yawu. Da Evelio ya faɗi abin da yake so, sai ya ji ana jan wayar, muryar Teodosia ta shigo.

"Compadre, wacce ce ta mutu?"

"Ƙaramar nan, Chucha."

"Chucha kuka ɗauka? Ni ina ta nemanta a shinge na zaci sata aka yi. Wannan mutumin bai gaya min ba."

"Ai yarinya ce, comadre, shi ya sa muka..."

"Wace yarinya? Chucha ta girmi auren Maigualida. Wada ce, haka Allah ya yi ta, ba ta ƙara girma. Duk shingen nan ba wadda ta kai ta ƙwai, rabin ƙananan nan jikokinta ne. A ina take haƙa a can?"

Evelio ya kalli tayil ɗin da ke ƙarƙashin ƙafarsa. Teodosia ta kira shi, ta sake kira, sannan a hankali ta ce, "Ita Zoraida ba ta gaya muku ba?" Ya kashe wayar.

Addarsa tana ƙasan akwati naɗe da jarida, don mutumin ƙasarmu ko asibiti za shi da wuya ya bar addarsa a gida. Ya ɗauko ta, ya ɗauki bokitin wanki, ya sa Chucha a ciki, ya kulle Zoraida ya sauka. A bayan benen, kusa da inda ake tara shara, akwai wani ɗan fili da ba a yi wa siminti ba, ciyawa ta fito a kai. Tun zuwansu yana wurin, ana hango shi daga tagar kicin. Ya tsuguna ya kwantar da ita a gefe, ya sa adda inda ya saba sawa. Hannunsa bai yi kuskure ba, wannan aikin dai ya iya shi. Ƙoƙon ya buɗe. Ƙwai huɗu ne, farare, masu tauri, sun cika cikin har ba wurin abinci. Ɗaya ya fashe a ciki ya ruɓe, shi ne ya kashe ta.

Ya daɗe a tsugune. Bai yi kuka ba, abin ya fi ƙarfin kuka. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne dariyar. Matarsa ta tattaro ɗan abin da ya rage mata na hankali, ta haɗa kalmomi daidai, ta dube shi ta faɗi gaskiya, shi kuma ya ce ta zo ta sha kofi. Da ta ga bai ji ba ta yi da hannunta, ta yi da cokali, ta yi da farce, ta tsallaka titi don halittar da aka ba ta amana, shi kuwa ya buge mata hannu. Da ya ɗauki bokitin nan ya sauko sau ɗaya tak, da shi ke nan.

Da addar ya haƙa rami ya binne Chucha. Sannan ya sassaƙa ƙasar gefen, mai laushi ce, da ɗan danshi, ya cika bokitin. Ya goge ƙwai ukun da suka rage da gefen rigarsa, ya yi musu gurbi ya jera, ya rufe da hannu. Bai san ko ƙwan da aka ciro daga gawa yana ƙyanƙyashewa ba, wadda za ta gaya masa tana sama. Ya rungumi bokitin ya fara hawa, yana tsayawa a kowane hawa yana maida numfashi. A hanya yake shirya abin da zai ce. Zai ce, tsohuwa, ke ce da gaskiya. Zai ce ta yafe masa, ta nuna masa zurfin da ake sa su, da ko ana yayyafa ruwa, da inda rana ta fi dacewa. Ya tabbata in ta sa hannu a ƙasar nan ta ji ƙwai a ƙarƙashin yatsunta, za ta dawo, ko na safiya ɗaya ne.

Ya buɗe kwaɗon ya shiga. Tana inda ya bar ta, a kujera, talabijin a kashe. Ɗan mitsitsin kunkurun da ya rage ya shigo daga baranda yana tafe a gindin bango, ba ta ko kalle shi ba. Evelio ya ajiye bokitin a gabanta, ƙasa ta ɗan zube a kan tayil, ya durƙusa da ƙyar.

"Tsohuwa, duba. Na kawo miki ƙasa. Ke ce da gaskiya, ƙwai ne. Ga su nan a ciki, taɓa ki ji."

Zoraida ta kalli bokitin, ta kalli ƙasar da ta zube. Jikinta ya ɗauki rawa. Ya miƙa hannu zai kamo nata ya sa a ciki, sai ta janye da sauri, ta kai hannuwan biyu bayanta ta ɓoye, ta manne da kujera.

"Ba ni ba ce, yallaɓai," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ban taɓa ba. Don Allah ka gaya musu ba ni na zubar ba."

Ya ce ya sani, ba ita ba ce, shi ne. Ya faɗa ya sake faɗa, yana durƙushe a gabanta da ƙasa a hannuwansa har gwiwar hannu. Ba ta fito da nata ba. Sai da ya ja bokitin ya kai shi baranda ya rufo ƙofa, inda ba za ta gan shi ba, sannan rawar jikinta ta tsaya.